Wane Aiki Kake Yi? Yadda Ake Bin Sawun Ciwo Har Wurin Sana'a

In ka zo ɗakin shan magani, bayan an gaisa an tambayi sunanka da na ƙauyenku, akwai wata tambaya da mutane da yawa ke amsawa a gurguje: "Wane aiki kake yi?" Sai mutum ya ce, "Noma," ya yi shiru. Wani ma a ransa yana cewa, ni da na zo da ciwon ciki, ina ruwan ma'aikacin asibiti da sana'ata?

Da ruwansa ƙwarai. Yawancin yininka a wurin aiki kake yin sa. Can kake shan iska, can kake zufa, can hannunka da ƙafarka suke taɓa abubuwa. In ciwon daga can ya fito, za mu iya ba ka magani ka ji sauƙi, amma ka koma ka sake kwaso shi, ka dawo, mu sake ba ka magani, kuɗinka yana ƙarewa, ƙarfinka yana raguwa. Tun a shekarar 1700 wani likita na ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya gargaɗi likitoci su riƙa tambayar majiyyaci irin aikin da yake yi. Wannan ɗan littafi zai nuna maka yadda za ka amsa tambayar sosai, da yadda kai da kanka za ka bi sawun ciwo har ka iske inda ya kwana.

Ƙasar da muke ci a cikinta

Mutanenmu sun daɗe a nan. Waɗansu hanyar hajji ce ta kawo kakanninsu, waɗansu kuma hijira ce bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a gefen kogin Nil Azrak, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira. Daga baya aka ƙara masa yankin Manakil, har faɗinsa ya wuce faddan miliyan 2. Auduga tana son hannu, sai Hausawa da Fulani da Barebari suka cika gonakin.

Har yau da yawa cikin mutanenmu ba su da hawasha tasu. Ƙwadago suke yi, ko noman rabo, suna zaune a kambo a bakin tura'a. Wannan yana da muhimmanci ga maganar lafiya, domin ɗan ƙwadago ne ke shiga ruwa, shi ke goya famfon feshi, matarsa da 'ya'yansa ke cirar auduga. Wanda ya fi kusa da wuta shi ya fi jin zafinta.

Tambayoyi biyar na mai bin sawu

Mai binciken ciwon wurin aiki kamar makiyayi yake da ya ɓatar da akuya. Ba ya gudu ko'ina, sawu yake bi. Ga tambayoyin da muke aiki da su. Ka yi wa kanka su kafin ka zo asibiti.

1. Me kake taɓawa, me kake shaƙa, cikin me kake tsayawa? Kada ka tsaya a kan "noma". Ka ce, "Ina buɗe ruwa a abu ishirin da ƙafa tsirara," ko "Ni ke dama maganin feshi."

2. Yaushe ciwon ya fara, yaushe yake tashi, yaushe yake lafawa? Ciwon da ke sauƙi ranar hutu ya dawo ranar aiki ya nuna gidansu.

3. Wa kuma yake da irinsa? In ku huɗu kuka yi aiki ɗaya, uku suka kwanta, ba daidaituwa ba ce kawai.

4. Me ya canza? Sabon magani, sabuwar gona, sabon inji, ko famfon da ya fara yoyo.

5. Me kake kawowa gida? Riga, takalmi, jarka, buhu, ƙurar da ke gashin kai.

Darasi daga Zamfara

Ga misalin yadda irin waɗannan tambayoyi suka ceci rayuka a ƙasar Hausa. A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara ta Nijeriya, yara ƙanana suka riƙa mutuwa. Yaro zai yi amai, ya yi jijjiga, ya suma. Aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magungunan ba su yi aiki ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen, suka shiga tambaya: me ya canza a waɗannan ƙauyuka? Ashe mutane sun kama aikin zinariya. Suna kawo duwatsu gida, ana dakawa a tsakar gida, ana niƙawa a inji. Da aka auna jinin yaran da ƙasar gidajen, sai aka iske gubar dalma mai yawan gaske. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kwashe ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa, aka fitar da aikin dutse daga cikin gari, aka kuma yi wa yaran magani, kana mutuwar ta ragu.

Ka lura, yaran nan ba su taɓa shiga rami ba. Aikin ne ya biyo iyayensu gida. Yanzu bari mu duba namu wuraren aikin ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan tura'a da tsargiya

Tura'a ita ce uwar Jazira, amma ita ce kuma gidan wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa. Mai tsargiya, wadda ake kira bilharziya a nan, in ya yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa, ƙwayayen cutar suna ƙyanƙyashewa su shiga jikin dodon koɗin. Bayan 'yan makonni sai ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani su fito su cika ruwan. Ba sai ka sha ba. Ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci, kuma sun fi yawa da tsakar rana.

Tsargiya iri biyu ce. Akwai ta mafitsara, mai sa jini a ƙarshen fitsari. Akwai ta hanji, wadda ta yawaita a Jazira, mai sa ciwon ciki da zawo da jini. In ta daɗe takan taurara hanta, ta kumbura saifa, ciki ya tara ruwa, har wata rana mutum ya yi aman jini. Binciken da aka yi a Jazira cikin shekarun 1970 da 1980 ya nuna masu sharar tura'a suna cikin waɗanda cutar ta fi yi wa nauyi, kuma wanda ta yi wa nauyi ƙarfin aikinsa yana raguwa. A 1979 gwamnatin Sudan tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa Shirin Lafiya na Nil Azrak, mai hedikwata a Wad Madani. An kashe dodon koɗi, an raba magani, an gyara ruwan sha, cutar ta ragu sosai. Da shirin ya ƙare wajen 1990, sai ta sake ɗago kai.

'Yar'uwa, ke ma wannan ta shafe ki. Wanki da wanke-wanke da ɗebo ruwa aiki ne, ko da ba a biyan ki. Tsargiya takan kama gaban mace, ta kawo ciwon mara, ƙaiƙayi, zubar ruwa ko ɗigon jini. Sau da yawa ana ɗaukar ta a matsayin ciwon sanyi, har a zargi mace da abin da ba ta yi ba. Ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti cewa kina shiga tura'a.

Maganinta ƙwaya ce mai suna firazikwantel, ana ba da ita bisa nauyin mutum ko tsayinsa. Tana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ta hana sabuwa shiga. Don haka ka sa dogon takalmin roba in za ka buɗe ruwa. Ruwan wanka a ɗebo a ajiye shi kwana 2 kafin a yi amfani da shi, domin tsutsar ba ta daɗewa a waje. Kowane kambo kuma yana bukatar salga nesa da bakin ruwa.

Maganin feshi

Tun cikin shekarun 1940 ake fesa wa audugar Jazira maganin ƙwari, har da jiragen sama. Feshin ya yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 farin ƙuda ya addabi auduga, domin maganin ya kashe ƙwarin da ke cinye shi. Yau kuma kowa na iya sayen magani a kasuwa ya fesa wa tumatir da kuɓewa da albasa. Sunansa magani, amma ga jikin mutum guba ne.

Mutane suna tsoron haɗiye shi, alhali ga mai feshi babbar ƙofarsa fata ce. Lokacin damawa ya fi haɗari, domin a lokacin bai sirku da ruwa ba. Famfon goyo mai yoyo yana jiƙa baya da ƙugu, zafi da zufa kuma suna sa fata ta ƙara sha. Wani in bakin famfo ya toshe sai ya hura da bakinsa. Wani ya sa tumbak a leɓe ko ya ɓara goro bai wanke hannu ba.

Alamun guba na irin magungunan da aka fi amfani da su: ciwon kai, jiri, zufa mai yawa, dalalar miyau, hawaye, amai, murɗar ciki, zawo, naman jiki yana ɓari, gani ya dushe, ɗan baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura, numfashi ya yi wuya. Da yawa suna cewa rana ce ta buge su, ko zazzaɓi ne. Ka tambayi kanka: yau ko jiya na yi feshi? Na shiga gonar da aka fesa?

In haka ta faru da wani, ku yi wannan:

Ku fitar da shi daga gonar zuwa inuwa mai iska. Ku tuɓe masa rigar aikin, ku wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu, ku kuma kare hannuwanku. In ya shiga ido, ku yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. Kada ku ba shi madara ko mai, kada ku sa shi amai. In ya suma, ku kwantar da shi a gefensa. Ku kawo shi asibiti nan da nan, tare da kwalbar maganin ko takardar jikinta. Wannan takarda ita ke gaya mana irin allurar da za mu yi, domin allurar atirofin da ke ceton mai gubar wani iri ba ta da amfani ga wani irin.

Ko ba ka iya karatu ba, ka duba launin zanen da ke gindin takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. In aka ɗura maka magani a kwalbar da ba takarda, ka sayi abin da ba wanda zai iya gane shi ranar da ya kayar da kai.

Ka yi feshi da sanyin safiya ko da yamma, iska tana bayanka. Ka sa riga mai dogon hannu, wando, takalmin roba da safar hannu ta roba. Ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka. A wanke kayan feshi dabam da na iyali. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da yaro, kada su dama, kada su fesa. Jarkar magani ba ta zama jarkar ruwa ko ta mai, ko an wanke ta sau goma. A huda ta. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a buhu ko rumbu tana fitar da iska mai kisa, kada a ajiye irin wannan hatsi a ɗakin da ake kwana.

Ƙurar auduga da ta hatsi

Masu aiki a injin gurzar auduga, kamar na Maringan da Hasahisa da Bageir, sun san ƙurar da ke tashi har mutum bai ga na kusa da shi sosai ba. A 1969 wani likita ɗan Sudan, Mustafa Khogali, ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan gurza, ya nuna wannan ƙura tana kawo ciwon ƙirji. Ciwon yana da wata alama da ke tona asirinsa: ƙirji yana ɗaurewa a ranar farko ta komawa aiki bayan hutu, ya ɗan sake a sauran kwanakin. In mutum ya yi shekaru a haka, ɗaurewar takan zama ta kullum. Ga amfanin tambaya ta biyu ke nan. Ƙurar sussukar dawa da alkama ma tana tayar da tari da fuka. Ka tsaya inda iska ke kwashe ƙura daga gare ka, ka nemi abin rufe hanci na kirki, ka bar taba. Amma duk tarin da ya kai mako 2, a zo a auna majina, don kada tarin fuka ya ɓuya a bayan ƙura.

Ƙaya ɗaya

Akwai ciwon da ake kira madura, ko nabit da Larabcin nan. Sudan tana cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya, Jazira da Sinnar kuma suna cikin wuraren da ya fi kama mutane. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa. Takan shiga ta hudar ƙaya ko wani ɗan rauni, yawanci a ƙafar manomi ko makiyayi. Da fari ɗan kumburi ne mai tauri, ba zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Bayan watanni ko shekaru sai ya huhhuje yana fitar da mugunya da 'yan tsabobi baƙaƙe, ko farare, ko masu ja. In ya kai ƙashi, sau da yawa sai an yanke ƙafa. Saboda yawansa aka kafa cibiyar bincikensa a asibitin Soba da ke Khartum a 1991, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Kada ka bari a tsaga shi ko a yi masa lalas. Ka zo tun yana kamar ƙwayar gyaɗa. Takalmi rufaffe ya fi sandar guragu araha.

'Yan'uwanmu da ke wurin zinariya

Samari da yawa daga ƙauyukanmu suna tafiya haƙar zinariya, musamman a arewacin ƙasar. Can ana cuɗa garin dutse da zaiba, a ƙona ta don zinariyar ta fito. Hayaƙin zaiba ba shi da wari, amma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. In ɗanka ya dawo hannunsa yana rawa, dasashinsa yana ciwo, yana mantuwa, yana saurin fushi, ba ya barci, kada a yi saurin cewa sammu ne ko iska. A kawo shi, a kuma faɗi inda ya yi aiki. Kada a ƙona zaiba a cikin gida ko a tukunyar abinci.

In na yi magana za a kore ni

Mun san wannan tsoro, kuma ba na banza ba ne. Ɗan ƙwadago yana ganin in ya ce famfo yana yoyo, gobe za a kira wani. Shi ya sa binciken mutum ɗaya ba ya nisa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da jama'a za su iya yi. A kowane ƙauye ko kambo a sami mutum ɗaya mai rubutu, ko da boko ko da ajami, ya riƙe littafi. Duk wanda ya kwanta bayan aiki, a rubuta ranar, da irin aikin, da gonar, da sunan maganin in akwai, da abin da ya ji a jikinsa. Bayan wata uku ku zauna ku karanta, za ku ga sawu ya fito fili: tura'a kaza, magani kaza, lokaci kaza. Ku kawo mana littafin mu duba tare. Da shi dattawa za su je wurin mai hawasha ko malamin gona ko ofishin lafiya. Kuka ana iya share shi, amma rubutu mai kwanan wata yana da wuyar musu. Mai hawasha ma riba ce gare shi, domin safar hannu da gyaran famfo ba su kai asarar ma'aikaci a tsakiyar kaka ba.

Ku kuma yi karo-karo ku sayi takalman roba da safar hannu na taraya. Fasto da liman, shugabar zumuntar mata da uwargidan kambo, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan littafi bayan sujada ko bayan salla. Ku da kuke ɗaukar ma'aikata, ku tuna wanda ke goye da famfon nan maƙwabcinku ne, kuma Allah zai tambaye ku haƙƙinsa.

Aiki baiwa ce daga Allah, jikin da kake yin sa da shi kuma amana ne a hannunka. Ba mu ce ka bar noma ba, da shi muke ci duka. Muna roƙonka ne ka san abin da ke shiga jikinka a wurin neman abinci, ka tare shi tun a bakin gona, in kuma ya riga ya shiga, ka zo da wuri ka faɗi aikinka dalla-dalla. Allah ya albarkaci aikin hannuwanka, ya kai mu kaka lafiya. Amin.